Wanda Ya Kashe Injin Iska

Kwana huɗu muka yi a hanya, ni da ƙanena Arzika, kafin mu ga Kumashi. Daga Filinge zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Gaya, muka ratsa Benin da Togo, ƙafafunmu duk sun kumbura don zaman mota. Saukarmu tasha ke da wuya wani mutum mai farar taguwa ya tare mu da Zabarmanci, da ya ga mun fi sakewa da Hausa sai ya juya Hausa. Ya tambayi garinmu, muka ce Kurfai. Ya dafa ƙirji ya ce kakarsa ƴar garin Damana ce, can wajenmu, ashe gida ne ya zo. Ya ce motar da ke zuwa wurin masu haƙar zinariya tana can baya, mu ba shi jakarmu ya kama mana wuri, mu kuma mu je mu wanke fuska. Mun wanke fuskar. Mutumin dai har yau ban sake ganinsa ba.

Cikin jakar akwai tufafinmu, da garin hatsin da Inna ta daka mana, da bakin dagi biyu da muka cire daga ƙotarsu. Dagin ya fi yi mini ciwo, domin mu masu haƙar rijiya ne. Wani tsoho a ƙauyenmu, Malam Gado, shi ya koya mana haƙa tun muna samari, shi kuma ya koya mana bin Almasihu a ƴar majami'arsa ta zana da kara. Innarmu ba ta hana mu ba, ba ta kuma bi mu ba. Tana nan kan al'adar kakanni, da iskokinta da baƙar akuyarta. Damana biyu a jere hatsi bai yi ba, garuruwa kuma sun koma jiran motar da ke huda ƙasa ta sa famfo, aikinmu ya ja baya. Ni na zuga Arzika mu tafi Gana. Inna ta ce in bar mata ɗaya. Na ce mata rani ɗaya ne kawai.

Wata mai sayar da wake da shinkafa a zango, unguwar Hausawa, ita ce ta tsince mu zaune bakin kwata, mun yi zuru. Ba ta tambaye mu abin da ya faru ba, ganin hannuwanmu wofi ya ishe ta. Ta zuba mana abinci a ganye, ta ce mu ci tukuna. Kwana uku muna kwana a rumfarta muna ɗebo mata ruwa, har ta haɗa mu da wani direba mai kai kaya dajin da ake haƙa. Da za mu tafi ta ƙulla mana garin rogo a leda, ta ce wa Arzika, "Kai ƙaramin, ka riƙa sa ido kan yayanka, idonsa ya cika rawa." Muka yi dariya.

Wurin haƙar tafiyar yini ce daga Kumashi. Ban taɓa ganin ƙasa da aka wulaƙanta kamarta ba. An sare itatuwa, ko'ina jan taɓo, ruwan rafin ya koma kamar kunu. Bukkokin leda ne jere, mutane daga ƙasashen da ban san iyakarsu ba, mu ƴan Nijar kuwa duk sunanmu ɗaya, "abokyi", wato "aboki" a bakin mutanen Gana. Amma da suka ga yadda muke daidaita bangon rami, nan da nan aka san hannunmu. Ramukan sun fi rijiyoyinmu ƙunci, kuma in sun yi zurfi sai su karkata su bi jijiyar dutse. Can ƙasa babu iska. Akwai wani inji a bakin ramin da ke hura ta cikin doguwar leda kamar hanji, har inda mai haƙa yake. In injin ya tsaya, na sama sai ya ja igiya sau uku, na ƙasa ya bar komai ya fito.

Mai kula da injin raminmu sunansa Atinga. Mutumin arewacin Gana ne, daga wajen Bolga, dogo, mai yawan dariya. Hausar zango yake yi, wadda mace da namiji duk "kai" ne, duk "shi" ne. An yi masa baftisma yana yaro, amma ya ce rabonsa da majami'a tun kafin ya fara gemu. Yana shan wata giya da suke dafawa, fara kamar ruwa, mai ƙona maƙogwaro. Shi ya fara miƙa mini kofi, amma ba zan ɗora masa ba, hannuna ne ya karɓa.

Arzika bai taɓa sha ba. Shi kewar gida ta wajen ciki ta kama shi. Kullum zancensa fura: wadda Inna ke damawa, da nonon Fulanin da ke sauka gonarmu bayan girbi. Ya gwada da garin masara, ya kurɓa ya tofar, ya ce wannan cin amanar ƙwarya ne. In yana ƙasa yakan yi waƙoƙin majami'a, muryar ta biyo ledar iska ta fito sama siririya, Atinga ya riƙa kaɗa kai yana cewa, "Ƙaninka ya mai da rami coci."

Rani ɗayan da na yi wa Inna alkawari ya wuce, muna can.

Ranar da abin ya faru Talata ce, kuma ni ke da shiga. Na tashi kaina kamar ana sara shi saboda abin da na sha. Arzika ya dube ni ya ce, "Kwanta, Yaya. Ni in shiga, gobe ka rama mini." Na juya na ba shi baya.

Wajen tsakar rana aka yi ihu: soja! Haƙar da muke yi ba ta da izini, kowa ya san abin da kamu ke nufi. Wuri ya hargitse. Wani ya finciko ni daga bukka, na bi ayari muka faɗa gonakin koko. Mun daɗe kwance cikin ganye kafin labari ya zo cewa babu soja ko ɗaya, motar masu yankan katako ce wani ya hango. Sai a lokacin na tuna wanda ke cikin rami.

Na iske Atinga a bakin ramin yana fizgar igiyar tayar da inji, gumi da hawaye sun haɗu a fuskarsa, yana cewa injin ya mutu, injin ya mutu. Na ɗaure jiƙaƙƙen tsumma a hanci na sauka. A makarkatar ramin na same shi, zaune ya jingina da bango kamar mai hutawa, dagi bisa cinyarsa.

A gefen wata gonar koko muka binne shi. Atinga ne ya haƙa kabarin shi kaɗai, duk wanda ya miƙa hannu zai karɓe shi sai ya ture.

Na kira Kawu Mayaki, ƙanen Inna, shi ke da waya a gidanmu. Na ce masa masassara ce ta kwana uku. Ina jin muryar Inna daga baya tana cewa a tambaye ni ko ina kusa da shi. Na ce ina kusa, kansa ma bisa ƙafata yake. Da na kashe wayar na san na rufe wa kaina hanyar gida.

Daga ranar ban ƙara iya leƙa rami ba, ko na shara ne. Na zauna a bukka ina sha, har ciwo ya kwantar da ni da gaske. Mutanen da muka ci tare suka riƙa ratsa ni suna wucewa, ban kuma ga laifinsu ba, kowa abin da ya kawo shi yake nema. Atinga ne ya goya ni a baya har bakin hanya, ya kai ni Kumashi, ya kama ɗan ɗaki. Ya shiga dako a kasuwa. Da safe ya dafa mini koko kafin ya fita, da yamma ya wanke mini tufafin da na ɓata. Ya daina sha, rana ɗaya, kamar an yanke da wuƙa. Ya koma majami'a, har ya ja ni muka riƙa zuwa tare da na samu ƙafa. Na riƙa gaya wa ƴan Nijar da ke zango cewa na samu ɗan'uwa a Gana wanda ya fi na jini. Abin da na lura kawai, duk sa'ad da na yabe shi a gabansa sai ya tashi ya fita.

Muna haka kusan shekara, ran nan na dawo daga dako, don ni ma na fara, na tarar ba ya nan. Ya bar mini tabarma da tukunya da komai. Wata huɗu babu labarinsa. Sai wata Lahadi na gan shi a bencin baya na majami'a, ya rame, fatarsa ta yi fari-fari kamar wanda aka shafa wa toka. Bayan an tashi ya ce in zo bayan ginin, gindin mangwaro. Tsohon faston wurin yana zaune can yana jiranmu.

Atinga bai zauna ba. Ya ce, "Nomau, injin bai mutu da kansa ba. Ni na kashe shi."

Ban gane ba da farko. Na ce wane inji.

Ya ce, "Da aka ce soja, na ji tsoro ƙararsa za ta kawo su wurina. Na kashe, na gudu. Na san Arzika yana ƙasa, ina jin waƙarsa. Igiya tana nan gefen ƙafata. Ja uku kawai. Ban ja ba. Da na dawo na yi kamar ina gyara, don kar ku sani."

Akwai wani karyayyen benci jingine da itacen. Ban san sa'ad da ƙafarsa ta zo hannuna ba. Atinga ya durƙusa, ya mai da hannuwansa baya, ya rufe ido. Na sauke masa a kafaɗa da duk ƙarfina, na ji ƙashi ya amsa. Ya faɗi, ya sake tashi ya durƙusa yadda yake, hannu ɗaya yana lilo. Na ɗaga na biyu. Tsohon bai riƙe ni ba, sunana kawai ya kira, a hankali, sau ɗaya. Na jefar da katakon na fita. Ban koma ɗakin ba, na koma kwana cikin rumfunan kasuwa.

Kwana uku bayan haka Atinga ya same ni inda muke jiran kaya, hannunsa rataye a wuya da zane. Ya ce, "Akwai saura."

Na ce ya ɓace mini da gani.

Ya ce, "Ka ji tukuna, in ka so ka karya ɗayan. Tun ranar da na koma ga Ubangiji, in na durƙusa addu'a magana ɗaya nake ji: uwarsa tana zaton masassara ce, tafi ka faɗa. Na ce, Ubangiji, zan ciyar da Nomau har in mutu, ka bar ni. Maganar ba ta tafi ba. Na yi azumi, ba ta tafi ba. Shi ne na gudu bakin teku, na shiga jirgin masu su, inda babu mai jin Hausa, babu wanda ya san Arzika. Can tsakiyar ruwa ma ita ce. Na gaji da gudu, Nomau. Zan tafi Kurfai."

Abin da ya kama ni a lokacin ba fushi ba ne, tsoro ne. In ya faɗi tasa, tawa ƙaryar ta tonu. Sai na shiga ba shi shawara kamar mai ƙaunarsa. Na ce hanya ba lafiya, na ce samarin garinmu za su iya kashe shi, in ya tsira kuma Kawu zai miƙa shi ga jandarma. Na ce, "Ba ka tuba ba? Fasto bai ce maka Allah ya gafarta ba? Me kuma kake nema?"

Ya ce, "Ya gafarta, na sani. Shi ya sa zan iya tafiya. Da bai gafarta ba, ƙafata ba za ta ɗauke ni ba." Ya gyara zanen wuyansa. "In ba ka kai ni ba, zan yi ta tambaya har in isa."

Na san zai yi. Don haka na bi shi, ba don kirki ba, sai don in kasance a wurin ko zan iya karkatar da zancen.

Har muka ratsa Togo da Benin ban ce masa uffan ba. A kowane shinge shi ake saukewa, a tsayar da shi a rana ana juya takardunsa, ana tambayar abin da zai kai mutumin Gana arewacin Filinge a irin wannan lokaci. Amsarsa ɗaya ce, "Zan je gaisuwar mutuwa." A Gaya, muna jiran mota, na ji yana maimaita abin da zai faɗa a ƙasan murya: "Inna, na zo wurinka." Haushi ya sa na yi magana. Na ce, "In ka ce wa uwata 'kai', kafin ka kai ga laifinka an kore ka. 'Ke' ake cewa. Wurinki." Daga nan har Yamai yana ta bita kamar ɗan lakwal mai koyon karatu: ke, ki, naki, ɗanki. Wata tsohuwa da ke kusa da mu ta yi ta dariya tana gyara masa, har ta ba shi goro.

Bazara ce, zafin da ko mu ƴan ƙasa muke jin sa. Kafin mu kai Filinge hancinsa ya fashe da haɓo sau biyu. Da na hango jajayen duwatsun da ke gefen kwarinmu, da goriba da gawo, sai na sunkuyar da kai. Shekara biyu da wani abu ina mafarkin wurin nan, ga shi na iso ina fatan motar ta lalace. Daga Filinge muka hau amalanken jaki na masu komawa daga kasuwa.

Inna tana tankaɗe a rumfa muka shiga. Ta rungume ni tana shafa fuskata, tana cewa na rame. Atinga ya tuɓe takalmansa tun daga ƙofar gida, ya zo ya durƙusa cikin rana, ya ƙi shiga inuwa. Aka kira Kawu Mayaki, ya zo da carbinsa a hannu. Aka kawo wa baƙo ruwa, ya ce sai ya yi magana.

Ya ce, "Inna, na zo wurinki. Ɗanki Arzika ba masassara ta kashe shi ba. Ni ne."

Ya faɗi komai, a jere, bai rage ba bai ƙara ba: ramin, injin, ihun soja, igiyar da ke gefen ƙafarsa. Bai ce tsoro ya sa kowa ma ya gudu ba. Bai ambaci jinyar da ya yi mini ba. Ina tsaye ina jiran inda zai ce ranar ba Arzika ke da shiga ba, domin ya sani sarai, shi ya zuba mini abin da na sha. Ya zo daidai wurin ya tsallake, ya ce kawai, "Ran nan Arzika ne a ƙasa." Ya gama ya sunkuyar da kai.

Inna ta ajiye rariya. Ta juyo gare ni ta ce, "Nomau, mi baƙon ga ka faɗi? Ba kai ka ce kainai na bisa ƙafarka ba?"

Ƙofa a buɗe take. Ina iya cewa na ɓoye mata ne don in rage mata zafi, kowa kuma zai yarda. Na dubi mutumin nan da ya ƙetare ƙasa uku da karyayyar kafaɗa don ya miƙa wuyansa, ya kuma rufa mini asiri ban roƙe shi ba. Sai na ga ba zan iya tsayuwa a inuwa yana cikin rana ba. Na je na durƙusa kusa da shi. Na ce, "Inna, ranar ni ke da shiga. Giya na sha na kasa tashi, ya shiga a madadina. Sa'ad da yake mutuwa ina kwance cikin gonar mutane, ban ko tuna da shi ba."

Kawu ya miƙe yana salati. Kafin wani lokaci ƙofar gida ta cika, samarin da suka yi wasa da Arzika suna ciki, wasu da sanduna. Kawu ya ce a ɗaure baƙon a kai shi Filinge wurin jandarma. Inna ta tashi tsaye, ta ɗaure zanenta. Ta ce, "Ba mai taɓa shi cikin gidan ga." Ta dube mu mu biyu. "Kusan shekara biyu ina kukan masassara. Ku bar ni in yi kukan ɗana." Ta shiga ɗaki ta ja asabari. Kwana uku ba ta fito ba.

Kawu Mayaki, wanda ya fi kowa fushi, shi ya ja Atinga zuwa zaurensa, ya shimfiɗa masa tabarma, shi kuma ya sa tasa a bakin ƙofa. Ya ce masa, "Ba don kai ba ne. Yayata ta yi magana." Daga baya ya gaya mini cewa abin da ya hana shi sakat shi ne, ya juya zancen ta kowace fuska bai ga abin da mutumin ya zo ci ba.

Da Inna ta fito, Atinga ya aika a roƙa masa ita ta bar shi ya noma gonar da Arzika ke nomawa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ya ɗauki shirun ya tafi sassabe da hannu ɗaya. In sun haɗu a hanya sai ta kau da kai. Ni ma ba ta yi mini magana sai ta dole. Ranar Lahadi muna zuwa majami'ar Malam Gado, mu goma sha wani abu, Atinga a baya can. Tsohon, wanda idonsa ya fara rufewa, yakan laluba ya kamo hannunsa ya jawo shi gaba.

Ana cikin haka rijiyar gari ta ja baya, guga sai yashi yake kwasowa. Dole a yashe ta kafin ruwan sama, mai shiga kuma babu sai ni, Malam Gado ya tsufa. Ban gaya wa kowa cewa tun mutuwar Arzika ban leƙa rami ba. Ranar aikin maza suka taru za su riƙe igiya. Atinga ya zo zai taya kwashe yashi, suka kore shi, wani ya ce kar inuwarsa ma ta faɗa ciki. A aikinmu akwai mutum ɗaya da ke zama a bakin rijiya, igiya tana bi ta hannunsa, shi ne kunnen na ƙasa. Aka tambaye ni wa nake so. Na ce Atinga.

Wuri ya ɗauki hayaniya. Kawu ya ce ko na haukace. Ban iya yi musu bayani ba a lokacin. Abin da na sani shi ne, duk faɗin Kurfai babu wanda zai gwammace hannunsa ya tsinke da ya saki igiyar nan kamarsa.

Da na kai rabi, hasken sama ya koma kamar bakin ƙwarya, numfashina ya ɗauke. Na ga Arzika zaune jingine da bango. Na buɗe baki zan ce a fid da ni, sai murya ta sauko: "Nomau, kana ji na? Ina nan." Na ce ina ji. Bayan ɗan lokaci ya sake. Haka ya yi tun hantsi har la'asar, bai yarda an karɓe shi ba ko don ya sha ruwa. Da aka jawo ni sama, ruwa na tsattsafowa a ƙasa, na ga tafin hannunsa duk ya saɓule, kafaɗar da na karya tana rawa. Na riƙe shi, muka yi kuka a gaban gari duka. Inna tana cikin mata da tulunta, tana kallo. Da muka koma gida muka tarar da ƙwaryar fura a rumfa, an rufe da faifai, ludayi biyu a kai.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka. Atinga ya sha wuya da hauyarmu ta tsaye, shi da ya saba da noman duƙe, farkon kwanaki hatsin yake sarewa ya bar ciyawa, har Kawu ya gaji da kallo ya zo ya kama masa hannu. Ran nan muna maimai, wato noma na biyu, Inna ta kawo abinci gona da kanta. Ta ajiye, ba ta juya ba. Ta tsaya a kansa ta ce, "Kai ne na ƙarshe da ya ga ɗana da rai. Mi ya ce maka?"

Atinga ya jingina hauya. Ya ce, "Ya ce ya samo garin gero wurin wani Bazabarme. In ya fito zai dama fura, in zo in ɗanɗana, in san abin da ake kira abinci."

Inna ta yi dariya, dariyar ta karye ta koma kuka. Ta zauna a kan kunya tana share ido da bakin zane. Ta ce, "Shi ne. Shi da cikinai." Ta zauna nan har muka gama ci, tana tambayarsa wace irin ƙasa ce aka sa shi, akwai inuwa, wa ya haƙa. Ni na amsa wannan ta ƙarshen.

Na ga jarumai a sana'armu, masu sauka rijiyar da ko dutse ka jefa sai ka jira kafin ka ji ƙararsa. Ban ga wanda ya kai mutumin nan ba. Inna har yau tana kan al'adarta, ba ta taɓa taka majami'a ba. Amma na ji ta da kunnena tana ce wa Malam Gado, "Wanda ya koro mutum tun daga bakin teku har ƙofata, ba abin wasa ba ne."

Bayan girbi, da muka ɗaure dammuna muka cika rumbu, Atinga ya ce zai koma Kumashi. Kawu ya ɗaura jaki zai kai shi Filinge. Muka tsaya a ƙofar gida muna jiran Inna ta fito sallama, ba ta fito ba. Na shiga na same ta tana sussuka. Na ce baƙo zai tafi.

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ce mishi ban rakiya. In na raka shi, sai shi ɗauka an gama. Gonar ga ba ta san an gama ba."

Na fita na faɗa masa yadda ta faɗa. Sai ya sauke ƙullin tufafinsa ɗaya daga amalanke ya ba ni, ya ce in ajiye masa.

Tun daga nan, da rani yana dako a Kumashi, da bazara sai ya kamo hanya. Bana damanarsa ta huɗu ke nan a Kurfai. Shekaranjiya ya kira daga Gaya. Ina cikin magana da shi Inna ta karɓe wayar daga hannuna, ta kara a kunne a juye, tana ɗaga murya: "Ka yi sauri, hadari na haɗuwa gabas, iri na nan na jiran ka."